Gyaran Gida a Maƙwabtan Gamji: Ki Fara da Hanyar Ruwa

Uwargida, in kin taɓa kai yara Gamji yawon sallah a Kaduna, kin san daɗin wurin. Sunansa na hukuma Lambun Janar Hassan Usman Katsina, amma kowa Gamji yake cewa. Ga manyan itatuwa, ga tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, ga Kogin Kaduna yana wucewa ta gefe. Gidanmu na gado yana nan kusa, ta wajen Kabala, kuma bana muka haɗa kuɗi da 'yan'uwa muka gyara shi.

Zama kusa da lambu irin wannan ni'ima ce. A watan Maris, lokacin da gari ke ƙuna, mu iska mai sanyi muke sha da yamma. To amma inda inuwa da kogi suka haɗu, danshi da sauro ba sa nisa. Shi ya sa in gidanki na irin wannan wuri ne, ki ajiye zancen fenti da tayil tukuna. Ki jira a tafka ruwan Agusta, ki fito tsakar gida ki ga inda ya kwanta. Nan za a fara kashe kuɗi. A gyara kwata, a ba daɓen gangara zuwa waje, a toshe yoyon kwano, a duba gindin bango inda laima ke hawa. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango ɓarewa yake yi, kuɗinki ya tafi a banza.

Aikina na jinya ya sa nake nacewa a kan wannan. Da damina gadajen ɗakin yara cika suke yi da masu zazzaɓin cizon sauro, kuma sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kwana 10 kacal a ruwan da ya kwanta. Duron da magina ke jiƙa bulo da shi, tsohuwar taya, ramin da aka haƙa aka bari, duk gidan haihuwarsa ne. Ki sa a rufe duro, don ƙaramin yaro ma yana iya faɗawa ciki. Raga a kowace taga ta fi labule mai tsada, kuma ba ta hana kwana a gidan sauro.

Ranar kankare tsohon fenti kuwa, ki kai yara gidan kaka. Wasu tsofaffin fentin mai suna ɗauke da dalma, ƙurarsu tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Sai lambun gida. An so a shafe tsakar gidan kaf da intalok, ni da yayata muka ƙi. Ƙasa tana shan ruwa, siminti kuwa zafi yake riƙewa har dare. Mun bar tsohon mangwaron da mahaifinmu ya dasa, aka rage masa rassan da ke kan kwano kawai. Sabon dashe mun nisanta shi da katanga da sokawe saboda saiwa. Bayan kicin muka sa zogale, lemun tsami da ɗan fegin alayyahu, abin da tukunya ke nema kullum.

Ƙofar baya, mai kallon hanyar kogi, an ɗaga sakatarta sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.