Daren Allurar Cinya

Ban daɗe da yin arba'in ba, ƙamshin ganyen darbejiya na wankan jego bai ma bar jikina ba, Inna ta zaro katin awo daga cikin adaka, inda take ajiye shi tare da kwalbar turarenta, ta ce sati shida ya cika, mu tafi sha-ka-tafi. Ita ta goya jaririn. Ni ina biye a baya, kai a sunkuye, don ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, sai dai in ce yaron nan.

Aka ɗiga masa maganin shan inna a baki, aka soka masa allura a cinya, ta mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora. Malamar ta dube ni, ba Inna ba, ta ce: "Amarya, jikinsa zai yi zafi da dare, kada ki firgita. Ki rage masa kaya, ki yawaita ba shi nono, ki goge shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Cinyar kada a murza, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa. In zafin ya wuce kwana biyu, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ki dawo da shi ko da tsakar dare ne." Ta nuna min iyakar farasitamol ɗin da zan ba shi, ta ce ban da asfirin.

Bayan lisha zafin ya zo. Ina tuna fitilar ƙwai da lagwaninta yake hayaƙi, da kukan gyare a bayan randa, da kukansa shi ma, siriri, yana yi yana tsayawa yana jan numfashi. Inna ta jawo gwado da gwangwanin man zafi, wai sanyi ne ya shige shi, a lulluɓe ya yi gumi. To, wace ce wannan yarinyar da ta riƙe bakin gwadon ta ce, "Inna, malama ta hana"? Yarinyar da ko tuwo ba ta iya ci a gaban baƙo? Har yau ina mamakinta.

Inna ta yi shiru, tana shafa lambar da ke damtsenta, wadda aka yi mata tun zamanin agana. Sai ta tashi ta ɗora ruwa a murhu, ta surka shi a ƙwarya, ta gwada da gwiwar hannu. Ita tana gogewa, ni ina shayarwa, alkunya kuwa aka jingine ta sai da safe. Kafin ladan ya yi kiran assalatu goshinsa ya huce, ya yi barci baki a buɗe.

Tun 2012 an haɗa rigakafi biyar a allura ɗaya, amma cinyar dai ita ce, zazzaɓin ma bai fasa zuwa ba. Mu a lokacin mun koma a sati goma, mun koma a sha huɗu, Inna ce ma take ƙirga kwanakin da ranar kasuwa. Da ya cika wata tara aka yi masa ta ƙyanda. Bazarar da baƙon dauro ya zaga unguwarmu gida-gida, bai kwanta ba.