A gefen mai ganga

A farkon shekarun 1980, lokacin da na shiga kiɗan zamani a Kaduna, da wuya ka ga makaɗin da ya mallaki kayan kiɗansa. Jita, ganguna, amfilifaya, har wayar da ake jonawa, duk na mai ƙungiya ne ko na mai kulob. Kai dai ka zo da hannunka da kunnenka, a miƙa maka abin da ke akwai. Ranar da kuka ɓata da maigida, ka jingine masa kayansa ka fita yadda ka shigo. Shi ya sa idan yaran yanzu suka tare ni da tambayar wace jitar bes ce ta fi kyau, nakan yi jim kafin in amsa. Mu sai da muka daɗe muna koyon tatso sauti daga abin da aka ba mu kafin zaɓi ya zo hannunmu, kuma har gobe ina ganin jinkirin nan alheri ya zame mana.

Kaduna ta wancan zamani garin kiɗa ce. Marigayi Bala Miller da ƙungiyarsa ta Great Music Pirameeds of Africa su ne a sama, ana ganinsu a talabijin, mu ƙanana muna hange daga nesa. Mu a wani otal muke kiɗa daren Juma'a da Asabar, sai bikin aure ko liyafar ma'aikata idan ta samu. Amma a dare ɗaya za a nemi hailaif, a nemi rege, a nemi kiɗan Kwango, wani kuma ya aiko da 'yar takarda yana son waƙar baƙaƙen Amurka. Kowanne da irin muryar bes da yake so, jita kuwa ɗaya ce tal.

Wadda aka ba ni ƙirar Japan ce, kwaikwayon Precision, sunan kamfanin ma ya goge. Ainihin Precision ɗin Leo Fender ne ya fitar da ita a Amurka a 1951, ya biyo ta da Jazz Bass a 1960, kuma yawancin bes ɗin da ke kasuwa har yau jikokin waɗannan biyun ne. Precision maganaɗisu ɗaya gare ta mai ɗaukar motsin tsirkiya, an raba shi gida biyu, sai maɓalli biyu kacal, na ƙara da na kaifi. Muryarta mai kauri ce, tana zama daram a tsakiyar kiɗa. Jazz kuwa maganaɗisu biyu gare ta, wuyanta siriri, muryarta ta fi fita tas. Sai dai idan ka rage ɗaya ka bar ɗaya takan yi ƙugi, kuma a zaurukan da aka ja wayar wuta a gaggauce, ga dogayen fitilu a saman kai, ƙugin nan ba ƙaramin abu ba ne. Wani abokina yana riƙe da Jazz a wata ƙungiya. Ina sha'awarta ƙwarai, amma na sha ganinsa yana jujjuya jiki a kan dandamali yana neman inda ƙugin zai lafa.

Shugabanmu dattijo ne, tsohon mai busa a badujalar 'yan sanda, Baba muke ce masa. Yana da wata doguwar waya da ya sa mai gyaran rediyo ya haɗa masa, aikinta ɗaya ne. Duk sabon mai bes, a gwajin farko zai bar shi ya murɗa maɓallan amfilifaya yadda ransa ke so. Kowa kuwa abu ɗaya yake yi: a ƙure na ƙasa, a ɗaga na sama, a danne na tsakiya, domin haka ya fi daɗin ji idan kai kaɗai ne a ɗaki. Da na gama nawa murɗe-murɗen, sai ya jona mini doguwar wayar.

"Ɗana, taka har bakin ƙofa, kada ka daina kaɗawa."

Ya ɗaga wa sauran hannu, suka shigo. Daga bakin ƙofa ina jin daɓe yana girgiza, kwalabe suna rawa a kan tebur, amma abin da yatsuna ke faɗa ya ɓace, ba a bambance wannan sauti da wancan. Ina kallo ya sunkuya gaban amfilifaya, ya rage na ƙasa, ya mayar da na tsakiya mazauninsa har ya ɗan ƙara. Maɓallin ƙara ko taɓa shi bai yi ba. Nan take kowane sauti ya fito fili.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Kalangu ba don ƙara ake sauraronsa ba, don yana magana ne. Bes ma haka. In ba a jin abin da kake faɗa daga can, to ba ka ce komai ba."

Da na dawo kusa da amfilifaya sai sautin ya yi mini kaushi a kunne. Na kai hannu zan gyara, ya ce in bari, ba ni na biya kuɗin shiga ba.

Sai daga baya na fahimci dalilin. Tsirkiyar da ta fi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, tsawon zangon sautinta a iska kuwa ya haura mita 8. Irin wannan sauti yakan bugi bango ya dawo, ya taru a wani lungu ya yi yawa, a wani wurin kuma ya kashe kansa. Abin da kake ji inda kake tsaye daban, abin da jama'a ke ji inda suke zaune daban. Ban da haka, lasifika da yawa ba sa iya fitar da can ƙasan nan sosai. Abin da kunne ke kamawa ya gane sautin shi ne ninkinsa da ke tafe tare da shi, 82, 123, har zuwa ɗaruruwa, inda maɓallin tsakiya yake aiki. Wannan ne ya sa ake jin bes ɗin faifan kamfanin Motown ko a 'yar ƙaramar rediyo.

Sauran aikin rabon wuri ne. Gangar ƙafa tana can ƙasa tare da kai, hannun hagun mai ogan ma can yake son sauka. Baba ya hana mai ogan zuwa ƙasa muddin ina kaɗawa, ya kuma tsayar da ni a gefen mai ganga inda nake ganin ƙafarsa. A rege ni ake bar wa ƙasan, mai ganga ya cusa matashi cikin gangarsa don bugun ya gajarce. A kiɗan Kwango sai in haura sama in yi ta yawo, ganga ta riƙe gida. Duk da jita ɗaya. Hannu ne ke sauyawa: kusa da wuya da tsokar babban yatsa idan ana son taushi, kusa da jaki da kan yatsu idan ana son kaifi. Wani lokaci in tura guntun soso ƙarƙashin tsirkiya a gindin jaki, sauti ya yi dum-dum irin na tsofaffin faifai.

Tsirkiya iri biyu muka sani, mai santsi da mai kaushi. Mai kaushin, kamfanin Rotosound na Ingila ne ya yi suna da ita tun 1966 tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who. Tana da haske, amma gumi da ƙura na kashe ta da wuri, tana kuma cin ƙarafunan wuya. Mai santsi ita ce ta James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin manyan waƙoƙin Motown da Precision ɗinsa, aka kuma san shi da barin tsirkiya ta shekara da shekaru bai sauya ba. Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley, Jazz yake riƙewa, amma ka saurari faifansu ka ji ko akwai kaifi a ciki. Mu kuwa bayan 1986, da aka karya darajar naira, sabuwar tsirkiya ta zama sai wane da wane. Mukan kwance masu kaushin mu tafasa a tukunya mu shanya, haskensu ya dawo na 'yan kwanaki. Ni dai na koma mai santsi, ban sake barinta ba.

Amfilifayar Ampeg SVT ta 1969, mai wat 300 da lasifika takwas a akwati ɗaya, a hoto kawai muke ganinta. Tamu ƙarama ce mai lasifika ɗaya inci 15. A zaure mai lungu tana isa, amma a fili, inda babu bangon da zai taimaka, sai ka ji ta ƙanƙance. Mai gyaran rediyon nan ne ya koya mini lissafin ƙara lasifika: biyu masu om 8 idan aka jona su gefe da gefe sun zama om 4, wanda kuma ya ƙara ta uku bai karanta abin da aka rubuta a bayan amfilifaya ba, ƙauri zai ji. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata a kan sitabilaiza saboda janareto, da wayar ƙasa saboda ranmu. Tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya, kuma haɗuwar hannu a kan tsirkiya da makirufo mai ɗigar wuta ita ta kashe Leslie Harvey, mai jitar Stone the Crows, a kan dandamali a Swansea a 1972. Hunturu ma da nasa aikin. Wuyan jita itace ne, iska ta busar da shi ya motsa, bakin ƙarafunan ya fito yana kartar hannu. Akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake murɗawa, kaɗan-kaɗan, a bar shi ya kwana kafin a ƙara.

Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 na tara abin sayen tawa. Na sauka Legas, kasuwar Alaba, wajen masu gwanjo. A lokacin masu batir ne ake yayi, irin salon da Music Man StingRay ta zo da shi a 1976. Sautinsu yana da kyau, ban musa ba, amma na tuna bukukuwan da muke zuwa a garuruwan da ba ka samun batir mai bolt 9 da tsakar dare. Duk wadda na ɗauka sai na fara kaɗa ta ba a jone ba, don itacen da bai amsa a haka ba amfilifaya ba za ta ba shi murya ba. In hango wuyan daga kai zuwa gindi in ga ko ya murɗe, in bi kowane ƙarfe in ji ko akwai inda sauti ke mutuwa da wuri, in rataya ta in ji nauyinta, tunda tsaye ake kwana da ita. Ƙarshenta wata ƙirar Japan na sake ɗauka, irin Precision, fentinta duk ya kakkarce. Abin da ya rage na zuba a akwatin lasifika mai kyau, kuma wannan akwatin ya fi jitar kanta sauya sautina.

Ban daɗe ina morarta ba fiyano ya shigo. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 mutum ɗaya da Yamaha yana yin aikin mutum shida, waƙoƙin finafinan Kano ma da shi ake haɗa su, masu otal suka ga babu dalilin ciyar da ƙungiya. Abin ya yi mana ciwo. Yanzu kuma ina jin bes na gaske yana dawowa, a coci-cocin Kaduna da Jos, a ƙungiyoyin jita na Nijar irin ta Bombino da ta Mdou Moctar, da hannun samarin da suka koya a waya. Da yawansu mai tsirkiya biyar suke riƙewa, wadda ke sauka har sau 31 a daƙiƙa, alhali lasifikar da ke bayansu ko 41 ɗin ba ta iya ɗauka ba.

Ɗana mai shirin saye, kada ka biya a kan abin da ka ji a shago ko a bidiyo. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za ka kai ta wurin gwaji ka ji ta tare da mai gangarku, idan ba ta zauna ba ka dawo da ita. In ya ƙi, ka nemi wani shagon.