Shu da naman sa kafin motar kampani

Arlit ba gari ba ne mai noma abin da yake ci. Yuraniyom ne ya kafa shi a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. An kafa kampanin haƙar yuraniyom na Somaïr a 1968, Cominak ta biyo baya a 1974, ta gina wa ma'aikatanta gidaje a Akokan. Daga Maraɗi, Tawa da Damagaram mutane suka yi ta kwararowa neman aiki, cikinsu har da Baba, wanda ya sami gurbi a ramin Akuta na Cominak, inda ake nutsawa mita 250 ƙarƙashin ƙasa. A can na tashi, a gidan da agogon kampani ke yanke lokacin cin abinci.

Inna ƴar ƙauyen Madawa ce, tuwo ta sani: surfe, daka, tankaɗe, talge, tuƙi, aikin da ke cin wuni. To amma aikin rami kashi uku ne, na safe, na rana, na dare, motar ma'aikata kuma ba ta jiran kowa. Makon da Baba yake na dare, sai ya farka bayan magariba, ya yi salla, ya ci, ya fita. Inna kuwa ta wuni kan keken ɗinki. Dole ce ta koya mata girkin sauri.

Kowane abu da ke shiga tukunyarmu ya sha tafiya. Albasa, dankalin Turawa da shu, wato kabeji, daga lambunan duwatsun Ayar suke saukowa, irin su Timiya da Tabelot, sun fi arha lokacin ɗari. Makaroni na Aljeriya ne, ta Asamaka yake shigowa. Naman akuya da na raƙumi ba su yankewa a kasuwa, amma na sa daga kudu ake kawo shi, saboda haka in an yi albashi Inna takan sayi mai yawa, ta rarraba a leda, ta jera a firiji. Ko wutar firijin ma daga tashar kwal ta Sonichar take zuwa, kusa da Cirozerin.

Sirrin yana wurin yanka. Takan fito da naman tun yana da sauran ƙanƙara, don a lokacin ne wuƙa ke bin sa yadda ake so, ta yanka shi fale-fale kamar za a yi kilishi, tana gicciye jijiyarsa. Ta murza masa tafarnuwa, citta, gishiri da magi. Ruwan makaroni na tafasa a kai ɗaya na gas, a ɗayan kuma man gyaɗa ya yi zafi har ya fara hayaƙi. Ba ta zuba naman gaba ɗaya, kashi biyu take yi.

"Ke, matsa baya, mai zai fallatsar miki! In kika cika kasko, nama ruwa zai fitar, ya dahu maimakon ya soyu."

"Inna, shu ɗin fa?"

"Shi ne auta, sai an kusa saukewa."

Da naman ya yi ja sai ta kwashe, ta watsa albasa da tattasai a sauran man, sannan shu. Ta yayyafa ruwa cikin ludayi, ta rufe na ɗan lokaci, ta mai da naman, ta juya, ta sauke ganyen na nan da ƙarfinsa. Baba na ɗaura takalmin aiki, kwano na gabansa.

"Malam, ci da zafinsa, kada mota ta wuce ka."

Sai da na zo Yamai karatu na fara ganin brokoli a kanti, daga baya na ji cewa gidajen abincin Sinawa a Amurka sun shahara da haɗa shi da naman sa. Da na gwada, dabarar Inna ce ta yi min aiki ba tare da canji ba: nama siriri, wuta mai ƙarfi, ganye a ƙarshe. Bambancin kawai, brokoli na son a ɗan tsoma shi a tafasasshen ruwa tukuna, saboda kaurin itacensa.

An rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, iyalai da yawa sun koma garuruwansu na kudu. Inna ta koma ga tuwonta, ta ce yanzu ba mai korar ta. Ni ce ofis ke kora, don haka ni na gaji kaskon.