Mako Guda da 'Yan Ajina da Bidiyon Hunturu

Litinin
An kawo wuta da safe, na yi maza na haɗa majigi kafin a ɗauke. Bidiyon gajere ne, bayaninsa tsaf: duniya a karkace take da digiri 23.5, wannan karkata ce ke kawo sauyin lokutan shekara. Da ya ƙare na ce, "An gane?" Ajin ya ɗauka baki ɗaya: "Mun gane, Malam!"

Talata
Tambaya ɗaya na ba su: me ke kawo sanyin hunturu? Akasarinsu suka rubuta wai duniya ce ke yin nisa da rana. Wani har da rantsuwa cewa a bidiyon ya ji. Ba a faɗa ba. Abin da ya taso da shi ya ji, bidiyon kuwa ya ƙara masa tabbaci.

Laraba
Ba ni da aji, sai na koma kan binciken Derek Muller, mai tashar Veritasium, wanda ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta Ostareliya a 2008. Ya nuna wa ɗaliban fiziks bidiyo iri-iri kan dokokin Newton. Waɗanda suka kalli bayani santala sun yaba, sun ce ba wuya, amma makinsu bai motsa ba sai ɗan kaɗan. Waɗanda aka fara kawo musu kuskuren da mutane suka saba yi, sannan aka warware shi, sun ce abin da rikitarwa, amma makinsu ya kusa ninkawa. Dalilin a bayyane yake: wanda ya ɗauka ya riga ya sani ba ya kasa kunne. Kuma ba yaranmu kaɗai ba. A fim ɗin A Private Universe na 1987, masu kammala Harvard ma amsar nisan nan suka bayar, sanye da rigunan yaye ɗalibai.

Alhamis
Na rubuta amsar 'yan ajina a allo, ban ce kuskure ba ce. A ƙasa na sa: farkon Janairu, tazararmu da rana kusan kilomita miliyan 147, farkon Yuli, miliyan 152. Aka yi tsit. Can wata yarinya ta ce, "Malam, ai a Janairu ne ƙafa ke faso!" Gardama ta kaure. Na rufe tagogi, na haska tocila a ƙasa: a miƙe haske ya taru wuri guda, da na karkata ta ya bazu ya dushe. Wani ya kawo batun iskar Sahara, kuma yana da gaskiya, ita ma da rabonta a sanyin.

Juma'a
Na maimaita bidiyon. Yau sai da na riƙa tsayar da shi saboda tambayoyi. Mafi kyawunsu: to me ya sa Afrilu ya fi Agusta zafi a Kano? Lallai a watannin biyu rana na bi ta tsakar kanmu, sai dai a Agusta gajimare da ruwan damina sun tare ta. Ban kai ƙarshen bayanin ba aka buga ƙararrawar tashi masallaci.