Layin masu tele a Dogondutsi

Dogondutsi tana kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso ta miƙe zuwa Ƙonni da Maraɗi. Mai zuwa daga yamma wani jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai yake fara hangowa, garin kuwa yana kwance a gindinsa, cikin kwarin Dallol Mawri. Nan ce cibiyar kasuwancin yankin da ake kira Arewa a Nijar, kuma iyakar Najeriya ba ta da nisa, abin da ake gani a kusan kowace haja da ke bisa tebur.

Masu kayan lantarki ba su da rumfa guda ta kansu. Shagunansu a warwatse suke bakin kwalta da kewayen kasuwa, tsakanin masu gyaran babur da masu cajin waya. Da hantsi na isa, layin ba cunkoso: 'yan kabu-kabu a inuwa, mata da buhunan dankalin turawa da ake nomawa a fadamun garin, yara biyu-uku sun tsaya ƙofar wani shago suna kallon kokawa kyauta. Masu saye da gaske ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wani mai shago ya ce kasuwar tele tana da lokutanta: bayan kaka in an sayar da wake da gyaɗa, gabanin salla, lokacin bukukuwan aure, sai kuma in gasar takobin kokawa ta ƙasa ko ta ƙwallon Afirka ta ƙarato.

Shagon da na fara shiga ɗaki ɗaya ne, kwalaye jibge har rufi, tele huɗu a kunne jikin bango. Inci 24 da inci 32 su suka fi yawa, inci 43 ɗaya tak, an ɗora shi can sama. Da jika ake ciniki a nan, wato sefa dubu. Inci 32 sabo, mai sunan da ba kowa ya sani ba, an fara yi mini kuɗinsa a wajen jika 70, mai sanannen suna kuwa ya haura haka sosai, ƙaramin kuma ya sauko. Kuɗin farko ne, ana ragi, kuma yana motsi da darajar naira, domin kaya da yawa ta Kabi da Sakkwato suke shigowa, musamman tun da hanyar Kwatano ta sami cikas a 2023.

Na tambayi mai shagon bambancin LCD da LED, domin kwalayen duk LED aka rubuta. Ya ce, "Alhaji, abu ɗaya ne." Gaskiya ya faɗa. Gilashin LCD ba ya ba da haske da kansa, sai an haska shi ta baya. Da can dogayen ƙwayaye ake sawa, yanzu kuwa ƙananan fitilun LED ne jere a baya ko a gefe, shi ya sa akwatin ya sirance ya kuma rage cin wuta. Mai sayen araha dai LCD yake saye ko me aka rubuta.

Rubutun kwali shi ne abin da ya fi ruɗin mutane, kuma a nan na daɗe. Akwai kwalin inci 32 da aka buga wa 4K da manyan haruffa, alhali yawancin tele masu wannan girma ɗigon hotonsu 1366 a 768 ne, masu ɗan kyau 1920 a 1080. Wannan ba aibi ba ne. A ɗakin da mai kallo ke zaune taku uku ko huɗu daga bango, ido ba ya raba su sosai, kuma yawancin tashoshin da ake kamawa ba su aiko da hoton da ya wuce haka. Aibin shi ne mutum ya biya kuɗin abin da babu shi. Haka ma sunaye: na ga wanda harafi ɗaya kawai ya raba shi da Samsung, an manna shi da gam. A ganina tele mai sunansa na gaskiya, ko baƙon suna ne, ya fi wanda ya ari na wani.

Ina tsaye wani magidanci ya shigo da ɗansa, daga wajen Matankari, zai saya wa 'yarsa ta kai ɗaki. Yadda ya duba kayan ya burge ni. Bai kalli kwali ba. Ya sa aka cire hoton furanni da tsuntsaye da masu shago ke sawa don jan ido, aka mai da tashar Télé Sahel. Ya ƙura wa fuskar mai karanta labarai ido, ya ce wannan ya mai da baƙin mutum ja, wancan kuma ya mai da shi toka. Sannan ya koma can gefe ya tsuguna, kamar yadda yara da mata ke zama a tabarma, sai ga hoton ɗaya daga ciki ya koɗe, na kusa da shi kuwa bai sauya ba. Gidan da mutum goma ke kallon tele ɗaya, wannan gwaji ya fi kowace lamba muhimmanci. Ɗan nasa ya ƙara da nasa: ya sa hoto fari fat, ya sa baƙi ƙirin, yana neman ɗigon da ya mutu ko hasken da ke tsiyaya ta kusurwa. Mai shagon bai ji haushi ba, "Baba, duba da kyau" kawai yake cewa. Sun daidaita, aka rubuta garantin wata uku a bayan rasit, aka ɗaure kwalin a babur.

Gaba kaɗan akwai mai 'yan kwatano, waɗanda aka yi amfani da su a Turai. Wasunsu hotonsu ya fi na sababbin araha, kuɗinsu kuma ƙasa. Sai dai babu garanti, kuma tsofaffin ba su kama tashoshin zamani na TNT sai an haɗa da dikoda, domin Nijar tsarin DVB-T2 take bi. Wanda zai sa faranti ya kalli Arewa24 ko ƙwallon Turai a Canal+, abin da zai duba shi ne ramin HDMI, da na USB don finafinan Kano da ake turawa a shagunan waya.

Shagon mai gyara ne ya fi koya mini. Teburinsa cike da tele buɗe, ƙurar hunturu ta yi musu lulluɓi a ciki. Ya ce abu biyu ke kawo masa aiki: fitilun baya su ƙone, murya na fita amma allo duhu, ko kuma kuran ya dawo da ƙarfi ya cinye allon wuta. Wutar wannan yanki rabo mai yawa daga Najeriya take zuwa, kuma mutane ba su manta da watannin da aka yanke ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba. Shawararsa ga kowa ita ce ya rage inci ya sayi ragilata da canjin, ya rage hasken allo daga ƙarshensa inda masu shago ke barinsa, ya kuma zare waya in hadari ya taso. Gilashi kuwa in ya fashe, ya ce kuɗin sabon gilashi kusan kuɗin sabon tele ne, bai ma karɓa.

A hanyar komawa na tsaya Kore Mairuwa, cikin yankin Tibiri, wanda aka cire daga Dogondutsi ya zama gundumar kansa a 2011. A nan tambayar farko ba ta inci ba ce, ta batir ce. Mutanen ƙauyukan da layin wutar kamfanin NIGELEC bai kai ba tele mai bolt 12 suke nema, wanda ke aiki kai tsaye da batir da fanon hasken rana, ba sai an bi ta inbata ba. Inci 19 zuwa 24 suka fi tafiya, domin ƙaramin allo ba ya shanye batir kafin a gama fim. Mai shagon ya juya mini bayan ɗaya ya nuna takardar da aka rubuta wat nawa yake ci, ya ce manoma yanzu wannan lambar suke fara tambaya, sannan su sa a kunna shi da batir a gabansu su ga ko hoton zai riƙe haskensa.