Jan Ruwan Zongo

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Zongo bayan ruwan watan Yuni, zai ga ruwa yana gangarowa ja wur, sai ka ce an wanke tukunyar manja. Ƙasa ce ya ɗauko, har da ta wuraren gini.

Manyanmu sun san yadda muka zo nan. A shekarar 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka kwaso jama'a zuwa Togblekope, wajen kilomita 15 arewa, a kan hanyar Atakpame. Inda gidajen iyayenmu suke, yanzu bankuna ne. Wurin da aka ba mu kwari ne kusa da kogin Zio, wanda ya shigo mana har ɗaki a ambaliyar 2008. Abin da ruwa ya kwaso daga tudun Agoe, wajenmu yake sauke shi.

To, ga gini ko'ina, alhamdu lillahi. Amma tifa ta juye yashi a bakin hanya, an tara ƙasar ramin tushe kusa da shi, an tafi. Ruwan dare ɗaya ya kwashe. Da gari ya waye kwata ta cika da laka, ruwa ya kwanta a ƙofar maƙwabci, sauro ya sami gida. Mai gini ma ya yi asarar yashin da ya saya da kuɗinsa.

A makaranta mun ɗebo ruwan nan a kwalba, muka ajiye a kan tebur. Yashi ya kwanta nan take. Laka mai laushi ta ɗauki sa'o'i. Yumɓu kuwa, har washegari ruwan bai washe ba. Yara da kansu suka gane dabarar: a tsayar da ruwa, sai ya saki kayansa.

Masu sani haka suke yi. Su rufe tarin yashi da tampol. Su jera buhunan ƙasa ta gefen gangare, su haƙa rami inda ruwa zai huta kafin ya fita, su zuba tsakuwa kewaye da bakin kwata. Manyan kamfanoni kan kafa shingen yadi mai tace ruwa, a binne gindinsa cikin ƙasa. In ba a binne ba, ruwa ta ƙarƙashi zai wuce. Bayan kowane ruwa kuma sai a yashe ramin. Nan ne aka fi yin sakaci.

A Amurka, tun 2003, ginin da zai tone eka ɗaya ko fiye sai ya sami izini game da ruwan da ke fita daga filinsa. Fulotanmu ba su kai haka ba, saboda haka maganar tana hannun mai gida da maginin da ya ɗauka. Mun tuntuɓi wani magini a layinmu. Ya ce buhunan siminti da ya juye suna nan jibge, in mai gida ya biya lebura rabin yini, zai cika su ya jera kafin ƙaramar damina ta Satumba.