Fuskar Akwatin Auta

Kafintan unguwarmu ya ƙi ɗora zarto a kan katakon da na kai masa. Ya dubi zanen da na yi, ya juya takardar sama da ƙasa, sannan ya ce ba zai yanka ko inci ɗaya ba sai na faɗa masa faɗin fuskar da za ta zauna a ciki, da zurfinta, da nauyinta. Na ce ai wannan sai daga baya. Ya ce tela ba ya yanka yadi bai ga mai riga ba. Haka na bar masa katakon, na shafe mako uku ina neman amsar tambayar da na raina.

Abin da nake son haɗawa akwatin wasa ne, irin wanda ake tsayawa a gabansa, mai sanda ɗaya da madannai shida, wanda ya cika gidajen wasa na Japan da Amurka a shekarun 1990. Mu a Kano ba da shi muka tashi ba. Gidan gem na yarintata shago ne mai benci biyu da talabijin uku, kowace da Sega a ƙarƙashinta, kuma a can kuɗin tararmu na makaranta ya ƙare a kan Street Fighter II. Sai dai ba don kaina na fara aikin ba, ko in ce haka na riƙa gaya wa kaina. Ƙanena Auta shekararsa 11, da ciwon sikila aka haife shi. Gudu a rana yana kwantar da shi, sanyin hunturu ma haka. Tun da ciwon ya tasar masa sau biyu a filin ƙwallo Umma ta hana shi fita, yaran layi kuma suka daina sallama da shi, don yaro ba ya zuwa inda babu wasa. Na ƙudura in ajiye wani abu a zaurenmu da zai kawo su da ƙafarsu.

Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi na same ta ta hannu, sanda da madannai sun iso, katako na biya. Abin da ya saura daga albashina na koyarwa Naira 25,000 ne, kuma daga cikinsu fuska za ta fito.

Tun farko zuciyata tana wajen tsohuwar talabijin mai doro, kuma ina da hujja. Don irin gilashinta aka zana waɗancan wasanni. Hoton Street Fighter II na 1991 ɗigo 384 ne a kwance, 224 a tsaye, kuma hasken da ke gudu a bayan gilashin yakan narkar da gefen kowane ɗigo cikin na kusa da shi, ya bar siraran layuka masu duhu a tsakani, har ido ya ga tsoka da inuwa a inda ƙananan murabba'ai ne kawai. Ban da haka, mai doro ba ta riƙe hoto ta yi masa kwalliya kafin ta nuna shi. Yana isowa take zana shi. Kana dannawa ɗan wasanka ya kai naushi.

Ga shi kuma kyauta zan same ta. Kawuna ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo da talabijin, kuma bayan shagonsa cike yake da masu doro da aka kawo gyara ba a dawo karɓa ba, tun da filasma ta shigo gari. Ranar Asabar na kai kwamfutar can. Ta farko da muka jona, baƙi da fari hoton ya fito. Kawu ya ce tsarin PAL kaɗai ta sani, wanda Nijeriya ke amfani da shi, ni kuwa NTSC nake tura mata. Ta biyu, mai inci 21, ta karɓa. Launuka suka taso a hankali kamar garwashin da aka hura. Na tsaya ban ce uffan ba, har warin tsohon shagon gem ɗinmu sai da na ji a hancina.

"Ka gama kallo?" in ji Kawu. "To ɗaga ta."

Da ƙyar na ɗaga, don ta haura kilo ashirin. Ya kwance murfin bayanta ya nuna mini wata jar waya mai kauri da ke manne da jikin doron. Ya ce wutar da ke bi ta nan ta wuce bolt 20,000, kuma gilashin yakan riƙe ta ko bayan an zare soket. Sannan ya miƙo mini bayan hannunsa, inda wani tsohon tabo yake.

"Kawu, ai rufe ta zan yi ruf a cikin katako."

"Ɗana, yaran da kake gayyata goma ne, idonka biyu."

Ban ji ba. Na ɗauko ta a a-daidaita-sahu har gida. Da la'asar, lokacin da yara ke tasowa daga Islamiyya, ba kasafai muke da wuta ba. Batir ɗaya da farantan sola biyu ke riƙe da gidan. Ina kunna ta, ta yi gurnanin nan da takan yi in za ta farka, inbata ta yi ƙara ta ɗauke, fankar ɗakin Umma ta tsaya cak. Mai doro tana zuƙar wuta da yawa a daƙiƙar farko, bayan nan ma cinta ya ninka na monita. A ƙarƙashin fankar nan Auta yake kwance, watan Afrilu ne, kuma zufa mai yawa tana cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Umma ta leƙo zaure, ta dubi talabijin, ta dube ni, ta koma. Washegari na mayar wa Kawu kayansa.

Wani abokina ya ce in ɗauki filasmarsa mai inci 32 in biya a hankali. (Kowace siririyar talabijin filasma muke ce mata, alhali yawancinsu LCD ne.) Ba mu daɗe da ita ba. Faɗinta na fim ne, wasannin kuwa kusan murabba'i suke, huɗu a kwance uku a tsaye. In an cika fuskar sai mayaƙan su yi ƙiba, in an bar su yadda suke sai baƙin fili ya cinye gefe biyu. Ga kuma jinkiri. Wasan hoto kusan sittin yake nunawa a daƙiƙa, ita kuwa sai ta riƙe wasu tana gyarawa, ka danna yanzu naushin ya zo bayan an riga an kayar da kai.

Saura tsohuwar monitar ofis, mai inci 19, ɗigo 1280 a kwance 1024 a tsaye. Ba ta da jinkirin da hannu zai ji, ba ta da nauyi, batirinmu zai ɗauke ta. Babu abin da ke burge ni a jikinta. Kafin in tafi Sabon Gari na tsayar da Auta jikin bango, na auna daga ƙasa zuwa idonsa da igiya, domin yawancin irin waɗannan monitoci sukan yi duhu in an kalle su daga ƙasa. A shagon kayan gwanjo na sa aka kunna guda huɗu, na buɗe farin hoto da baƙi ina neman mataccen ɗigo. Daga nan na taka bakin igiyar na durƙusa har idona ya yi daidai da ƙullin.

"Malam, lafiya?" in ji mai shagon.

"Lafiya lau, Alhaji. Mai kayan ne bai kai ni tsawo ba."

Biyu suka dushe, ɗaya tana da jan ɗigo a tsakiya. Ta huɗu na saya, na haɗa da 'yar na'urar da ke mayar da HDMI zuwa VGA, na dawo da kuɗin mota kawai a aljihu. Na ce wa kafinta ya rage tsayin akwatin, kuma kada ya kishingiɗar da fuskar baya kamar yadda ake yi wa na asali, ya tsayar da ita sosai.

Akwai dabarar da ke zana wa hoto layukan mai doro na ƙarya, kuma na kunna ta a daren farko. Kawu da ya zo gani ya ce wannan tsage ne da aka yi da kwalli. Auta kuwa cewa ya yi, "Yaya, gilashin ya yi datti." Na kashe ta.

Yanzu da la'asar takalma bakwai ko takwas akan samu a ƙofar zaure, kuma Auta ke faɗin wanda zai karɓi sanda. Ni in zan buga sai na jawo kujerar tsakar gida, don akwatin iya ƙirjina ya tsaya. Jiya ya kayar da ni sau biyar a jere, na buɗe baki zan ce monitar ce ke jinkiri, sai na tuna ni na gwada ta da hannuna.